Hannu Biyu a Kan Keke

Asabar, da yamma

Mun dawo daga asibiti. Na wanke safata, na wanke rigata, na wanke har gorar ruwan da ban sha ba. Ba abin da ya rage in wanke, shi ya sa na zauna rubutu.

Kyaftin ta faɗi da keke yau da safe, a hanyar da ke bayan gada. Ƙashin kafaɗarta na dama ya karye, hular kwanonta ta tsage. Likita ya ce da ba don hular ba, da yanzu wani zancen ake yi. Za su riƙe ta su ga yadda kan zai kwana.

Gadonta yana gabana, bargo a yamutse kamar kullum. Ita ce babba a ɗakin nan, tana shekarar ƙarshe, ni kuwa ban daɗe da shigowa kwaleji ba. Ita ta kafa ƙungiyar keke ta mata, ita ta ja ni ciki da ƙarfin tsiya, wai ta gaji da ganina ina hira da littafi. Keken da nake hawa ma tsohon nata ne.

Na gyara mata bargon. Daga baya na ga kamar bai kamata ba, na sake yamutsa shi.

Lahadi, da hantsi

Zan rubuta yadda muke tafiya a hanya. Wataƙila in ya sauka a takarda ya daina yawo a kaina.

Layi ɗaya muke yi, taya kusa da taya, don ta gaba ta tare wa na baya iska. Wadda ke baya ba ta ganin kwalta, bayan 'yar'uwarta kawai take gani. Saboda haka akwai doka: in ta gaba ta ga rami, ko dutse, ko fasasshiyar kwalba, sai ta saki hannu ɗaya daga kan keke ta nuna ƙasa, ta gefen da abin yake. Ta bayanta ma ta nuna, har saƙon ya kai ƙarshen layi. Ranar da na shiga ƙungiyar, Kyaftin ta ce mini, “Ƙarama, in kina gaba, idonki ba naki ba ne, namu ne.”

Jiya ne karon farko da ta sa ni gaba. Ta ce, “Wuce, na gaji da kallon ƙeyar Rediyo.” Rediyo, wadda ke jan layin a lokacin, ta koma can ƙarshen layi tana mita, Kyaftin ta dawo bayana. Na ji daɗi. Ina so in rubuta wannan don gaskiya ne: na ji daɗi ƙwarai, har ina shirya yadda zan ba Umma labari a waya.

Akwai rami bayan gada. Na gan shi. Na kauce masa.

Lahadi, bayan la'asar

Mun je dubiya ni da Rediyo. Sunan ya dace da ita, tun daga ƙofar kwaleji har ƙofar asibiti ba ta numfasa ba.

An rataye wa Kyaftin hannu a wuya da farin ƙyalle. Ta gan mu ta ce, “Kun zo kallon gawa? Ku yi haƙuri, an ɗage.” Muka yi dariya. Sai ta ce ba ta tuna komai. Tana tuna hawan gada, tana tuna bayana, daga nan sai fitilar silin da fuskar nas.

Ta ce, “An nuna ramin?”

Ni take kallo. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe.

Rediyo ta ce, “An nuna mana! Da idona na ga hannun yarinyar nan, tsaf, kamar ɗan sandan hanya. Ke dai hankalinki ya tafi wurin saurayi.”

Kyaftin ta ce, “Wane saurayi? Wa zai kwashi mace mai ƙwaurin ɗan dako?” Ta yi dariya, dariyar ta taɓa kafaɗar, ta yamutsa fuska. Can ta ce, a hankali, “To ni ce ban gani ba ke nan.”

Ban ce na nuna ba. Ina so a san wannan. Ban faɗi haka da bakina ba.

Litinin, kafin lacca

Ban ce na nuna ba.

Talata, da rana

An sallame ta. Ni ke ɗaura mata igiyar takalmi, ni ke matse mata man goge baki, ni ke karɓo mata shayi da burodi. Na je wurin 'yan ajinsu na kwafo mata darasin da ta rasa, da rubutu mai kyau, na ja layi da rula a ƙarƙashin kowane kan magana.

Ta ce, “Ƙarama, wa ya rene ki haka? Zan aika wa Ummanki tukwici.”

Na ce ba komai.

Ta ce, “Kullum ba komai. Ranar da kika ce akwai komai, sai an yi ruwa da ƙanƙara.”

Alhamis, da safe

A ƙungiya akwai wani darasi da ake yi wa sababbi. Kyaftin tana tsayawa da gorar ruwa a hannu, kowa ta zo a kan keke ta saki hannu ɗaya ta karɓa ba tare da ta tsaya ba. Sai wadda ta ci wannan ake bari ta shiga layi.

Ranar da aka yi na rukuninmu ina laburare. Na ce kaina yana ciwo. Mako ya zagayo, ba wadda ta tuna, ni ma ban tuna wa kowa ba.

Ban taɓa shan ruwa keke yana tafiya ba. Sai an tsaya. Rediyo tana cewa ina da ladabi, ko ruwa ba na sha a tafe. Ƙaiƙayin hanci ma haƙura nake yi har mu iso.

Ban san dalilin da ya sa nake rubuta wannan ba.

Na sani.

Jumma'a, da yamma

Mun koma asibiti a duba kafaɗa. Na riƙe mata jaka, don haka na shiga har ciki.

Likita ya tambaye ta yadda abin ya faru. Ta ce an nuna mata rami a gaban idonta, ba ta gani ba. Ya ajiye biro. Ya ce, hannu a gabanki, da rana tsaka, ba ki gani ba? Ya tambaya ko tana jin jiri. Ko ta taɓa tsintar kanta ba ta san abin da ya faru ɗan lokaci kaɗan ba. Ko akwai mai irin wannan a danginsu. Ya ce mai yiwuwa ba faɗuwar ce ta ɗauke mata hankali ba, hankalin ne ya fara ɗaukewa sannan ta faɗi. Ya rubuta gwajin ido da hoton kai. Ya ce ko kafaɗa ta warke, kada ta hau keke sai an gano.

Ya juyo gare ni. “Ke ce ke gaba?”

Na ce e.

Ya ce, “Sannu, kin ga tashin hankali.”

A hanyar dawowa ba ta yi barkwanci ko ɗaya ba. Ta jingina kai da gilashin mota. Da muka bi ta kan gada na kalli takalmina.

Asabar, da sassafe

Na fita da tsohon keken zuwa filin ajiye motoci na bayan laburare, kafin mutane su tashi. Na ɗaga yatsu daga kan keke. Yatsu kawai. Tayar gaba ta yi rawa, na mayar.

Na sake. Na sake. A karo na nawa ban sani ba, na saki hannun gaba ɗaya, sai ga ni a ƙasa.

Mai gadi ya taso daga bencinsa ya ce, “'Yata, keken ne ya yi miki laifi ko ƙasar?”

Na ce ba komai, Baba.

Lahadi

Gwiwa ta hagu. Na sa dogon siket.

Litinin, bayan azahar

Gwajin ido ya fito, idonta lafiya lau. Na ɗauka za ta yi murna. Ta zauna a bakin gado ta ce, “Da ma idon ne, da na sayi gilashi na huta. Tunda ba ido ba ne, kai ne.”

Yanzu tana gwada kanta. Tana ajiye cokali ta ce, “Ƙarama, yanzu na ajiye wannan, ko ɗazu?” Tana karatu ta ɗago ta ce, “Na yi shiru da yawa? Kin ga idona ya kafe?” Ta sa in riƙa lura da ita, in na ga wani abu in gaya mata, kada in ɓoye don tausayi.

Ta ce, “Ke kaɗai na yarda da ke, don ke ba kya ƙari. Rediyo in ta ga tari sai ta ce tarin fuka.”

Na ce to.

Talata, da yamma

Umma ta kira. Ta ce muryata ta yi ƙasa, ko ba na cin abinci? Na ce ina ci. Ta tambayi jikin yayar ɗakinmu, ta ce in kula da ita kamar 'yar cikinmu, mutum ba ya manta wanda ya tsaya masa ranar ciwo. Ta ce, “Ke dai na san ki, ba kya cutar ko ƙuda.”

Na ce caji zai ƙare. Cajin bai kusa ƙarewa ba. Wannan kam da bakina na faɗe shi.

Laraba, da sassafe

Na iya ɗaga hannu har in ƙirga kaɗan a zuci. Sirrin ashe ba a hannu yake ba, a ciki yake da ƙugu. In na daina matse kan keken kamar zai gudu, sai ya daina rawa. Ba wanda ya gaya mini. Da na tambaya, da an gaya mini tun ranar farko, cikin minti ɗaya. Kyaftin ma da dariya za ta yi, ta ce, “Matsoraciya,” ta riƙe mini sirdi ta bi ni a guje.

Tambayar ce ta gagare ni. Kullum tambayar ce.

Alhamis, da rana

Abban Kyaftin ya zo. Dogon mutum ne mai magana a hankali, ya zauna a ɗakin baƙi da hula a gwiwa. Ya ce ya yi haƙuri da keken nan shekara da shekaru, 'yan'uwansa suna yi masa surutu yana toshe kunne, don ya ga tana jin daɗinsa. Amma abin da ya taɓa kai ba abin wasa ba ne. Ya ce ko hoton ya fito lafiya, an gama.

Na jira ta yi gardama. Kyaftin da ke gardama da direban tirela a kan hanya. Ta ce, “To, Abba.”

Da zai tafi ya kira ni. Ya ce ta gaya masa duk abin da nake yi mata. Ya ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata. Allah ya ba ki mai yi miki.”

Na ce amin. Da wane baki, ban sani ba.

Jumma'a

Na tsefe mata kai. Akwai wurin da hula ta bugi fata, gashin wurin ya ɗan zube. Tana kuka ba sauti, ina tsifa. Na yi kamar ban gani ba, ta yi kamar ba ta san na gani ba.

Asabar, da hantsi

Ƙungiya ta fita ba tare da ita ba. Ni ma ban je ba, na ce zan zauna da ita. Da suka wuce ta ƙasan taga muka ji ƙarar sarƙoƙi da muryar Rediyo. Kyaftin ta tashi ta rufe taga, ta ce iska tana damun kafaɗarta.

Litinin, da yamma

An dawo da kekenta daga wurin gyara. Shuɗi, mai siririyar taya, ba shi da nauyin jakar makarantata. An sa sabuwar tayar gaba. Ta jingina shi a jikin gadona, ba nata ba, ta ajiye makullin kwaɗonsa a kan matashina.

Na ce, Yaya, a'a.

Ta ce, “Kada ki yi mini a'a. In na sayar, wani ƙato zai saya ya ɗaure masa buhu. Ke kina da natsuwa. Ranar farko a gaba kika yi abin da ya kamata, ni da na shekara ina koya wa mutane na kasa.” Ta ce wadda hankalinta ke ɗaukewa ba ta da hurumin jan 'ya'yan mutane a kan kwalta. Ran Asabar za ta yi wa sababbi darasin gora na ƙarshe, ta miƙa ƙungiya ga Rediyo, Allah ya ji ƙan kunnuwansu.

Keken yana nan. Duk inda na juya a ɗakin yana kallona.

Talata, da sassafe

Na iya.

Na zagaya filin da hannu ɗaya. Na nuna ƙasa ta dama, na nuna ta hagu. Na ciro gora na sha na mayar, ban tsaya ba. Mai gadi ya tafa mini.

Na ɗauka zan ji sauƙi. Tun farko ina gaya wa kaina don gaba nake koya, don kada a sake. Amma da na sauka na tsaya riƙe da keken, sai na ga abin da na yi. Yanzu duk wanda ya gan ni zai ce lallai yarinyar nan ta nuna. Abu ɗaya da zai iya faɗar gaskiya a madadina shi ne hannuna, ni kuma na tashi da sassafe kullum na koya masa ƙarya.

Laraba

Hoton kai sai mako mai zuwa. Ba ta cin abinci sosai.

Alhamis, bayan lacca

Na shirya jimlar. Gajera ce. Na faɗe ta a banɗaki, na faɗe ta a kan matakala. Na shigo ɗaki, ta ɗago ta ce, “Ƙarama, yau na manta sunan malaminmu, na daɗe ina nema. Kin ga, ko?”

Na ce kowa yana mantuwa.

Ta ce, “Ba irin tawa ba.”

Jimlar ta koma.

Asabar, da yamma

Zan rubuta a jere, kamar rahoto.

Mun taru a filin bayan laburare. Kyaftin ta tsaya a tsakiya, hannun dama a rataye, gora a hannun hagu. Sababbi suka yi ta zuwa, wata ta karɓa, wata ta kaɓar da gorar, wata ta nufi Kyaftin kai tsaye har sai da ta yi tsalle. Rediyo tana ihu, “Gora aka ce ki ɗauka, ba Kyaftin ba!”

Sai Kyaftin ta ce, “Ƙarama, hau shuɗin ki nuna musu yadda ake yi.”

Na hau. Ban taɓa hawa abu mai sauƙi haka ba. Na san zan iya karɓar gorar. Na san in na karɓa, shi ke nan har abada.

Na zo na wuce ta, hannu biyu a kan keke.

Ta ce, “Ke, gorar!” Aka yi dariya.

Na zagayo. Na sake wucewa, hannu biyu, na matse har yatsuna suka yi fari, kamar yadda nake yi a da. Dariyar ta ragu.

A gefen filin akwai murfin kwata da ya karye. A zagaye na gaba na nufe shi sosai, ina kallonsa, sai da na kusa na kauce, hannuna bai motsa ba. Na ja birki a gabanta. Ban iya kallon fuskarta ba, na kalli ƙyallen hannunta.

Ta sauke hannun da ke riƙe da gora. Sannan ta ce, “Ba ki iya sakin hannu ba.”

Na ce, “Na iya. Ran Talata na iya.”

“Wace Talata?”

“Wadda ta wuce.”

“Ranar gada fa?”

Na ce, “Hannu biyu, Yaya.”

Rediyo ta ce, “Kai, amma ni fa na ga...” Kyaftin ta juya ta ce, “Me kika gani daga ƙarshen layi, da mutum shida a gabanki?” Rediyo ta buɗe baki ta rufe. Ban taɓa ganin haka ba.

Kyaftin ta zauna a kan dakalin filin. Ta ajiye gora, ta dafa kanta da hannun hagu, tana shafawa kamar kan wani yaro da ya ɓata aka gano. Ta ce, “Ashe lafiyarka ƙalau.” Ta yi dariya. Dariyar ta juye ta zama wani abu, sababbi suka sunkuyar da kai.

Da ta ɗago ta ce, “Ramin ba komai ba ne. Kowa yana jin tsoro, ni ma ban gwada ki ba na sa ki gaba. Amma kina tsefe mini kai ina kuka. Na ce ki lura da ni, kika ce to.”

Ban ce ba komai ba. Ban ce komai ba.

Ta miƙo hannu. Na ɗauka gorar take so in ɗauko mata. Ta ce, “Makullin.”

Lahadi

Ba ta yi mini magana ba. Rediyo ce ta ɗaura mata takalmi, ta ɗaura shi a karkace.

Litinin, da rana

Ta kira Abbanta a waje, ta daɗe. Ban ji abin da suka ce ba, na dai ji muryarta ta tashi, irin ta da, ta gardama da direban tirela. Ta aiko Rediyo ta gaya mini cewa ran Laraba zan bi ta asibiti in maimaita wa likita da bakina. Gadajenmu suna kallon juna, amma aike ta yi.

Na ce a gaya mata to.

Na kira Umma. Na gaya mata. Ta ce, “Kin ci abinci?” Na ce a'a. Wannan karon gaskiya ne.

Talata, da safe

Ƙarar famfon keke ce ta tashe ni. Ta jawo shuɗin zuwa gefen gadonta, ta take gindin famfon da ƙafa, tana dannawa da hannun hagu. Bakin famfon yana ta suɓucewa daga taya, iskar tana fita a banza. Ta mayar, ya suɓuce. Ta mayar, ya suɓuce. Likita bai ce ta hau ba tukuna, kafaɗar ma da saura. Tayar kawai take so ta ji da tauri.

Na zauna a gadona ina kallon ƙasa.

Ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Zo ki riƙe mini bakin nan.”

Na taso.

Ta ce, “Ba wai na huce ba ne. Hannu ɗaya gare ni.”

Na ce na sani, Yaya.

Na durƙusa na riƙe. Siket ɗina ya ja sama, ta ga gwiwata, ta kalle ta ta kau da kai. Ta yi ta dannawa har tayar ta cika. Ta matsa ta da babban yatsa, ta ce, “Saura ta baya.”